Garin Neman Rama

Hausawa kan ce garin neman ƙiba aka samo rama. A gidanmu da ke Ƙofar Kibo, cikin birnin Zariya, a juye karin maganar nan ta zo mana. Rama muka fita nema. Muka sayar da gona, muka ƙetare ƙasa, muka same ta, muka riƙe ta shekara uku, sannan ta suɓuce mana sannu a hankali. Ƙiba ta dawo mazauninta na da, ta kuma taho da baƙon da ba mu san shi ba.

Baƙon nan ƙwannafi ne. A hunturun ƙarshen 2024 na san girmansa, bayan na gama hidimar ƙasa na koma kwana a ɗakin Umma. Wajen ƙarfe biyu na dare tari kan tashe ni. In na haska fitilar waya sai in gan ta zaune, ta jingina da filo uku, ta dafe ƙirji, idanunta na zubar da ruwa. Wani ruwa mai tsami ne ke taso mata daga ciki har maƙogwaro, wani lokaci ya sarƙe ta. Ban taɓa jin ta ce wayyo ba. Iyakarta ta ce, "Ke, koma ki kwanta, ba kome." Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta kama sunana. Wannan kunya da ke tsakaninmu ta sa na daɗe ina kallon ciwonta daga nesa, alhali tabarmata na gefen gadonta.

Sana'ar Umma kayan gara ce: alkaki, dublan, nakiya da cincin. A unguwarmu da makwabtanta, da wuya a kai amarya ba a ga aikin hannunta a cikin fantekoki ba. Tun tana budurwa mai jiki ce, kuma a wurinmu jiki abin yabo ne. Mace in ta murje sai a ce hutu ya karɓe ta, mijinta ya iya kiwo. Amma bayan haihuwa shida abin ya wuce yabo. A farkon 2018, tana da shekara 39, sikelin asibiti ya nuna kilo 128 a tsayin da bai wuce mita 1.6 ba. A lissafin da likitoci ke yi na gwada nauyi da tsayi, makinta 50 ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya daga 30 take fara ƙirga ƙiba a matsayin cuta. Ciwon suga ya kai ta ga allurar insulin, hawan jini ya biyo baya, gwiwoyinta suka ƙi ɗaukarta. Mai keke-napep kan dube ta ya ce kuɗin mutum biyu za ta biya. Shekara biyar tana salla a kan kujera.

Kawu, yayanta, yana fataucin abayoyi tsakanin Kano da Alƙahira. Shi ya zo da labarin wata tiyata da ake yi a Masar, wadda ke rage ƙiba ta kuma kwantar da suga. Shi da Baba suka zauna a zaure dare biyu, suka yanke shawara. Aka sayar da gonar da Umma ta gada ta wajen Kufena, a lokacin da dala ɗaya ke kan naira 360. A watan Satumba na 2018 aka yi mata aikin. Ta ƙananan huji a fatar ciki likita ya yanke kusan kashi huɗu cikin biyar na tumbinta ya fitar, ya ɗinke ragowar da ƙananan filoli na ƙarfe, ya bar wani siririn bututu mai siffar ayaba. Saboda siffar tasa ne likitoci ke yi wa aikin laƙabi da hannun riga. Amfaninsa biyu ne. Wurin zuba abinci ya ragu, sannan ɓangaren da aka cire shi ke samar da mafi yawan girelin, sinadarin da ke aika wa ƙwaƙwalwa saƙon yunwa, wanda masu bincike a Japan suka gano a 1999.

Abin da ya biyo baya, ko maƙiyi ya gani sai ya ce an yi nasara. Cikin wata goma sha takwas ta sauko zuwa kilo 84. Aka dakatar da insulin. Ta riƙa takawa da ƙafa daga gida har Babban Dodo ta dawo. Ranar da ba zan manta ba tana cikin azumin 2019. Na shigo ɗaki da asuba na tarar an ture kujera gefe, Umma ta kai goshinta ƙasa. Ta daɗe a sujadar nan har na fara tsorata. Da ta ɗago, dardumar a jiƙe take.

Sai dai mun dawo da wani kaya daga Masar wanda ya fi akwatunanmu nauyi, wato sirri. An gaya wa dangi cewa gwiwa aka je dubawa, domin Baba yana gudun a ce matarsa ta je an yanke mata ciki don kwalliya. Mutane kuwa in ba a ba su labari ba, su kan ƙera nasu. Wasu suka ce ciwon zamani ne. Wasu suka ce sammu aka yi mata. Wasu suka ce Malam ne zai ƙara aure, baƙin ciki ke cin ta. A gidan biki, in ta ci loma uku ta ajiye cokali, sai uwar biki ta ɓata rai ta ce an ƙyamaci girkinta. Don ta toshe bakin mutane sai ta koma ga abin da ke wucewa ba tare da ya tokare ta ba: kunun gyaɗa, fura da nono, shayi mai kaurin madara, lemon kwalba. Ƙaramin tumbi yana hana tuwo, amma abin sha ratsa shi yake yi ya wuce da sukarinsa. Ga kuma sana'a. Mai alkaki ba ta sauke ruwan sukari sai ta ɗanɗana.

Takardun asibitin sun ce a riƙa komawa ana duba jini, a kuma ci gaba da shan bitamin. Kullen korona na 2020 ya rufe hanya, lambar dillalin da ya haɗa mu da asibitin ta daina shiga, bitamin ya ƙare ba a sake saye ba. Babu wanda ya damu, tunda ga ta nan garau. Mu da muka tashi a gindin ganuwa bai kamata wannan ya shige mana duhu ba. Ganuwar Zazzau ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye ne domin ana bin ta da yaɓe. Da aka daina, damina ta riƙa gutsurar ta kaɗan-kaɗan, har ta zama tudun da awaki ke hawa. Mun ɗauki aikin Umma ginin siminti, ashe ginin ƙasa ne. A 2021 ta koma kilo 90. A 2023 ta haura 100. A Disambar 2024 sikeli ya nuna 110, suga ya dawo, kujerar salla ta koma wurinta. Yanzu ma ba gwiwa kaɗai ke hana ta sujada ba, da ta sunkuya ruwan tsamin ke tasowa.

A 2023 na kammala digiri a fannin kimiyyar sinadaran jikin halittu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Wata safiya Baba ya kira ni, ya miƙo mini ambulan ɗin takardun Masar, ya ce, "Ke ce kika yi boko. Duba mana, ki gaya mana abin yi." Na karɓa da hannu biyu, cikina ya ɗuri ruwa. Digirina bai mai da ni likita ba. Abin da ya ba ni kawai shi ne iya karanta rubutun likitoci ba tare da na firgita da dogayen kalmomi ba.

Abu na farko da karatun ya ba ni sassauci ne. A ƙasar Siwidin an fara wani bincike a 1987, aka bi rayuwar mutum fiye da 4,000 masu ƙiba, kusan rabinsu an yi musu tiyata. An ga cewa nauyi kan kai ƙarshen saukarsa a shekara ta farko zuwa ta biyu, daga nan wani kaso ya dawo, amma duk da haka waɗanda aka yi wa aikin sun fi sauran tsawon rai. Jiki yana kare nauyin da ya saba da shi kamar yadda mai gona ke kare iyaka: in nauyi ya sauka, sai ya ƙara yunwa ya rage ƙona abinci. Na kuma gano cewa shi kansa hannun rigar, asalinsa matakin farko ne na wani babban aiki da ake raba wa masu tsananin ƙiba gida biyu. Daga baya ne aka mai da shi aiki mai zaman kansa. Da murna na je na ce mata, "Umma, ashe ba laifinki ba ne." Ta dube ni ta ce, "To na wa ne? Ai cokalin a hannuna yake." Na rasa amsa. Har yau ina ganin kowannenmu ya riƙe rabin gaskiya.

Likitan da ke duba ta a asibitin koyarwa na Shika ya tura mu gwaje-gwaje. Aka zura mata siririn bututu mai kyamara ta baki, aka kuma ɗauki hoton cikinta bayan ta sha wani farin ruwa mai kauri. Sakamakon ya nuna hannun rigar ya buɗe, samansa ya zame zuwa cikin ƙirji, ƙasan bututun da abinci ke bi kuma ya yi ja saboda ƙunar ruwan tsami. Jininta ya yi ƙasa, bitamin B12 ma haka. Likitan ya ce irin wannan ƙuna in ta ɗauki shekaru takan sauya fatar wurin, a wasu 'yan tsiraru har ta kai ga ciwon daji. Ya ba mu shawarar ganin likitan da ya ƙware a tiyatar ƙiba.

A Janairun 2025 muka tafi Kaduna, muka hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja. Likitan da muka gani mutum ne mai haƙuri. Ya ɗauki farar takarda ya zana mana hanyoyi huɗu.

Ta farko babu wuƙa a cikinta: gyaran abinci tare da masanin abinci, da wata allura da ake yi sau ɗaya a mako. Amurka ta amince da maganin a 2017 don ciwon suga da sunan Ozempic, sannan a 2021 don ƙiba da sunan Wegovy. A babban gwajin da aka wallafa a 2021, masu yin allurar sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu cikin mako 68. Amma waɗanda suka daina, kashi biyu cikin uku na abin da suka rage ya dawo cikin shekara guda. Ma'ana, kuɗi ne da za a riƙa fitarwa kowane wata ba ranar gamawa. Maganin yana son sanyin firji, mu kuwa ba mu manta da duhun da Arewa ta shiga na kwana da kwanaki a Oktoban 2024 ba. A watan Yuni na shekarar ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunsa da aka kama a wasu ƙasashe. Bayan haka, allurar tana jinkirta fitar abinci daga tumbi, abin da kan iya ƙara wa mai ƙwannafi wahala.

Ta biyu ita ce a sake tsuke hannun rigar, a yanke inda ya buɗe. Ita ta fi sauƙin fahimta, amma likitan ya ja mata layi tun kafin mu tambaya. Ya ce ƙara matse bututu ƙara tura ruwan tsami sama ne, kuma ɗinki a kan tsohon ɗinki ya fi saurin yoyo.

Ta uku ita ce baifas, kamar titin da ke zagaye gari. Wani likita Ba'amurke, Edward Mason, ya fara ta a Jami'ar Iowa a 1966. Ana ware ɗan aljihu kamar girman ƙwai a saman tumbi, a jawo ƙaramin hanji a haɗa da shi, sai abinci ya ratse ya bar ragowar tumbin da farkon hanji. Ruwan tsami da na matsarmama sai su bi wata hanyar, su daina tasowa. Ita ce aka fi yi wa mai hannun riga da ƙwannafi ya addaba, kuma tana taimakon suga. Sai dai ya gaya mana gaskiya cewa raguwar nauyi bayan irin wannan juyi matsakaiciya ce, kada mu sa rai da abin da muka gani a 2019. Tana kuma da haraji na har abada: bitamin, sinadarin ƙarfe mai gina jini da kalsiyam kullum, sallama da diklofenak da danginsa, domin sukan haddasa gyambo a mahaɗar, zaƙi kuma in ya yi yawa sai jiri da zufa da bugun zuciya su rufe mutum.

Ta huɗu ana kiran ta SADI, likitoci a Madrid ta ƙasar Sifaniya suka bayyana ta a 2007. Ana barin hannun rigar yadda yake, a tsallake mafi yawan ƙaramin hanji, ta yadda jiki ba zai tsotsi abinci sosai ba. Ita ta fi kowace zubar da nauyi da murƙushe suga. Ita kuma ta fi jawo gudawa da ƙarancin abubuwan gina jiki, tana buƙatar gwajin jini a kai a kai, kuma ba ta yi alkawarin kashe ƙwannafi ba.

Ya rufe da cewa kowace tiyata ta biyu ta fi ta farko haɗari, domin wuƙa za ta bi ta cikin tabo, inda kayan ciki suka manne da juna.

A jirgi, kan hanyar dawowa, Umma na gyangyaɗi, na zana jadawali a bayan ambulan, na ba kowace hanya maki. SADI ta zo ta ɗaya. Dole ta zo ta ɗaya, tunda da kilo na yi awon. A nan ya kamata in faɗi abin da na ɓoye wa kowa. An sa ranar aurena bayan Babbar Salla. Ranar da dangin wanda zan aura suka zo gaisuwa, ina bayan labule na ji wata daga cikinsu ta rage murya ta ce, "Allah dai ya sa ba gado ba ne." Maganar ta zauna mini a ƙirji kamar tsakuwa. Ni ma ba siririya ba ce, kuma na san jikin da na gada. Ina son Umma ta warke, wannan babu shakka. Amma a ƙarƙashin wannan so akwai wani: ina son ta shiga taron bikina a rame, a rufe bakin waccan matar, ni kuma in daina ganin gobena a jikinta.

Ga kuma kuɗi. Dalar da aka saya naira 360 a 2018 ta haura 1,500 a farkon 2025. Gona babu. Abin da ya rage shi ne 'yan kunnen gwal na Umma da kuɗin adashen da ta yi shekara huɗu tana zubi don kayan ɗakina. Kowace tiyata aka zaɓa, sai ta cinye su.

Aka sake zama a zaure. Kawu ya ce a koma Masar, ko a gwada Turkiyya, shi zai nemo sabon dillali. Baba ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, an taɓa yanka matarsa sau ɗaya Allah ya kuɓutar da ita, ba zai sake kai ta mahauta ba. Ni kuma na baje jadawalina ina kare SADI da alƙaluma. Muna cikin haka ƙanena ya shigo da shayi ya ce Umma na tambaya ko a ƙara sukari. Sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Tana madafi tana juya ruwan alkaki, mu muna nan muna rabon hanjinta. Zaman 2018 ne aka maimaita, bambancin kawai shi ne yanzu an ƙara tabarma ɗaya, tawa.

Daren nan da tari ya tashe ta ban koma na kwanta ba. Na miƙa mata ruwa, na zauna a bakin gado, na yi ƙarfin hali na ce, "Umma, ke me kike so?" Ta yi shiru har na zaci ba za ta amsa ba. Can ta ce, "A Masar da aka kawo takarda, kawunki ne ya nuna mini wurin sa hannu. Na farka na tarar an cire abin da ba zai dawo ba. Ban yi da-na-sani ba, na samu sujadar shekara uku, ita kaɗai ta biya gonar. Amma babu wanda ya tambaye ni." Ta gyara filo ta ci gaba. "Sikeli bai taɓa tashina da dare ba. Ni dai in miƙe bayana in yi barci kamar kowa, in kuma kai goshina ƙasa. In an samu wannan, ko ban rame ba na gode Allah."

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na yi wata biyu ina karatu, amma tambayar da ta kamata in fara da ita sai a daren nan na yi ta. Kunya ta kama ni, irin wadda ba ta 'yar fari ba.

Dare uku muka yi ina mayar mata da bayanin likita cikin Hausa. Na barbaɗa fulawa a faranti, na riƙa zana tumbi da hanji da yatsa, in share in sake. Tambayoyinta sun fi jadawalina zurfi. In an hana ni maganin gwiwa, da me zan tsaya a gaban kasko? In zaƙi zai riƙa kayar da ni, wa zai ɗanɗana ruwan alkaki? In abu ya tashi da tsakar dare, awa nawa ne tsakanina da wanda ya yanka ni? Azumi fa? Wannan ta ƙarshe sai da na buga wa likitan waya, ya ce azumin shekarar farko bayan aiki zai yi mata wuya saboda ƙarancin ruwa a jiki, a bari sai ya duba ta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi da ke da gurbi a jadawalina.

A dare na uku ta goge fulawar da tafin hannunta ta faɗi hukuncinta. SADI ta fita, domin ba ta taɓa abin da ke hana ta barci, kuma wadda ta kasa riƙe bitamin na ƙaramin aiki bai kamata ta ɗauki babba da gaggawa ba. Allura ta fita, domin ba za ta ɗora wa gida bashin da ba ya ƙarewa ba. Ƙetare ma ya fita: duk wanda zai yanka ta, sai wanda jirgin Rigasa zai iya kai ta wurinsa a yini ɗaya. Ta zaɓi baifas, da sharaɗin a ba ta wata shida ta yi yaɓen da ba a yi ba. Za ta gina jininta, ta karɓi allurar B12, ta sauko da suga, ta riƙa ganin masanin abinci, ta daina cin kome awa uku kafin kwanciya. In wutar ta lafa a cikin wannan lokaci, za a koma wa likita a sake shawara. In ba ta lafa ba, za ta sa hannu, bayan an karanta mata kowane layi.

Da safe ita da kanta ta je ta sami Baba. Ban ji abin da suka tattauna ba. Na dai ga ya fito ya aiki ƙanena ya samo bulo biyu, ya durƙusa da kansa ya sa su a ƙarƙashin ƙafafun gadonta ta wajen kai, kamar yadda likita ya ce.

Kan kuɗin kayan ɗaki ne muka yi jayayya ta farko a rayuwarmu. Ta ce ba za a kai 'yarta ɗaki fayau a yi da ita a gari ba. Na ce gara in shiga da katifa da tukunya biyu uwata na barci, da in shiga da kujerun alfarma tana zaune tana tari. Muka tsaya a tsakiya: za a sayar da gwal, a raba adashen biyu. Na gaya wa wanda zan aura. Shi ya ce babu kome, amma bai riga ya gaya wa iyayensa mata ba, kuma na san cewa can ne maganar take.

Abu na ƙarshe da ta yi shi ya fi ba ni mamaki. Goggo, ƙanwar Baba, ta zo da wani ƙullin ganyen shayi da aka ce yana narkar da kitse. Umma ta karɓa ta yi godiya, sannan ta ce, "Zauna, akwai maganar da muka ɓoye miki shekara shida." Ta gaya mata kome, tun daga gona har baifas. Goggo ta riƙe baki, ta yi faɗa kan an mai da ita bare, ta yi kuka, sannan ta ce in ranar ta zo ita za ta yi jinya. Kafin mako ya zagayo labari ya gama dangi. Wasu sun yi tsegumi. Amma a bikin da aka yi bayan Ƙaramar Salla, uwar biki da kanta ta zubo wa Umma ɗan dambu da nama a ƙaramin faranti, ta kuma kawar da kwalbar lemo daga gabanta.

Yau wata huɗu ke nan cikin shida. Sikeli na nuna 106. Ƙanwata ce ke ɗanɗana ruwan alkaki, Umma na kallon yadda yake zuba daga ludayi tana gaya mata ko ya yi. Tarin dare ya ragu zuwa sau biyu ko uku a mako, bai tafi ba, kujerar salla ma tana nan. Alamu sun fi karkata ga cewa za mu sake hawa jirgin nan, kuma ina jin tsoro, domin na karanta abin da ka iya faruwa a tiyata ta biyu, ban kuwa iya mantawa.

Ambulan ɗin Masar ya bar hannuna. Yana cikin akwatinta, tare da wani ɗan littafi da take sa ni in rubuta mata tambayoyin da za ta yi wa likita, da kalmominta, ba nawa ba. Sun kai goma sha ɗaya. Jiya da dare, bayan ta idar da shafa'i da wutiri, ta ce, "Ke, ɗauko littafin nan ki ƙara ɗaya. Ki rubuta: bayan aikin, sai an kwana nawa zan iya kai goshina ƙasa?"